Abin Da Ke Cin Ido Da Kunnen Dattawan Zango

Akwai wata amsa guda da muka saba ba kanmu a zango duk lokacin da Baba ya fara laluben takalminsa a ƙofar masallaci, ko Hajiya ta fara cewa “na'am?” sau uku kafin ta amsa gaisuwa. Sai mu ce tsufa ne. Da an faɗi haka kuwa magana ta ƙare. Sai a nemo wani jika a ɗora masa aikin jagora, a riƙa ɗaga murya in za a yi wa tsohuwa magana, kowa ya ci gaba da harkarsa. A wannan wata mun ga ya kamata mu buɗe wannan ƙunshi da ake kira tsufa mu ga abin da ke ciki, domin a cikinsa akwai cututtuka masu suna daban-daban. Wata ana raba mutum da ita cikin rabin awa. Wata ba a warkewa, sai dai a tare ta in an yi hanzari. Wata kuma mu da kanmu muke jawo ta da hannunmu.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, kuma waɗanda suka cika shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2. A ƙidayar 1960 ba su wuce 213,000 da 'yan kai ba. Wato ke nan tsofaffin ƙasar nan sun ninka kusan sau 10, kuma namu na Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, da na Aboabo a Kumasi, da na Tamale da Salaga da Bawku, duk suna cikin wannan lissafi. A ƙidayar ta 2021 an tambayi mutane irin wahalar da suke sha wajen gani, da ji, da tafiya, da tunawa, da sauransu. Wahalar gani ce ta zo kan gaba: mutum 4 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa sama.

A duniya baki ɗaya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya hana abin, ko kuma har yanzu ana iya gyarawa amma ba a yi ba. A 2021 ta fitar da wani rahoton a kan kunne, inda ta ce mutum miliyan 430 na da raunin ji wanda ya kai a nema musu taimako. Cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da mutum 1 cikin 4 ne.

Yana

A 2015 an yi bincike a faɗin Gana don sanin yawan makafi da abin da ya makantar da su. An samu kimanin mutum 7 cikin kowane 1,000 makafi ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne dalilin: fiye da rabinsu, wato kashi 54.8 cikin 100, yana ce ta rufe musu ido. Ke nan in ka ga makafi biyu a ƙasar nan, akwai yiwuwar ɗaya daga cikinsu aikin likita na ɗan lokaci kawai yake jira.

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai kamar gilashi, girmanta kamar ƙwayar wake, ita ce ke tattara haske ta kai shi bayan ido. Da shekaru sai ta fara dushewa. Mai ita zai ce maka kullum kamar ana hazon hunturu, fitilar mota na kashe masa ido da dare, launin tufafi ya koɗe. Ba ta ciwo, ba ta ja da ido. Akwai ma wani abin mamaki da take yi a farkonta: dattijon da ya shekara goma yana karatu da tabarau sai ya wayi gari ya ajiye shi, ya ce ganinsa ya dawo. Sau da yawa wannan alamar yana ce ta fara taurara, kuma daɗin ba ya daɗewa.

Shekaru ne babban dalilinta, amma akwai abubuwan da ke gaggauta ta: ciwon sukari, shan taba, yawan zama cikin zafin rana, bugu a ido, da daɗewa ana amfani da magungunan nan masu sitiroyid. Masu bincike sun kuma danganta ta da hayaƙin itace. Wannan ya sa muka tuna iyayenmu mata masu koko da ƙosai da wake da shinkafa, waɗanda suka yi shekara talatin ko arba'in fuskarsu na kan murhu tun kafin asuba.

Babu ɗigon ido, babu rubutun sha, babu tozali da ke narkar da yana. Aiki ake yi. Ana kashe zafin wurin ne kawai, mutum idonsa biyu yana jin maganar likita, a ɗan tsaga gefen ido a fitar da ƙwayar da ta dushe, a sa ta roba a madadinta, wadda za ta zauna har ƙarshen rayuwa. Aikin kan ɗauki minti 15 zuwa 30. Washegari ake cire bandeji. Ba a ciro ido waje, ba a sa idon akuya ko na kyanwa, kamar yadda har yau ake faɗa a wasu gidajenmu. Ba kuma dole ne a jira sai ta “nuna” ta yi fari fat ba. Da zarar ta hana mutum harkarsa lokacin aiki ya yi. Jira mai tsawo ma yakan sa aikin ya fi wuya, wani lokaci ya ta da ciwo mai tsanani.

Dole mu yi magana a kan masu yawo gari-gari suna “kwantar da yana”. Sana'a ce tsohuwa, kuma da yawa daga cikin masu yinta Hausa suke ji, shi ya sa dattawanmu suka fi sakin jiki da su a kan likitan da ke magana da Turanci ta bakin tafinta. Abin da suke yi shi ne su soka tsinke ko allura su ture ƙwayar ta faɗa can cikin ido. Nan take haske zai shiga, tsoho ya ƙirga yatsu, 'yan kallo su yi kabbara, a biya kuɗi. Kafin sati ya zagayo mai aikin ya bar gari. Idon kuwa an bar shi babu ƙwayar da ke tattara haske, ga kumburi, ga ƙwayoyin cuta, ga hawan ruwan ido da kan biyo baya. A binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, an samu fiye da 4 cikin kowane ido 10 da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan idanu makafi ne a ranar da aka duba su. Duk wanda ke da niyyar kai mahaifinsa gida Arewa, ko ya kira wani mai magani ya zo har ɗaki, ya riƙe wannan lissafi.

Wadda ba ta sallama

Cuta ta biyu a binciken 2015, mai kashi 19.4 cikin 100, ita ce gulokoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido. Wannan suna yana ruɗar da jama'a. Ba jini ne ke hawa ba, kuma mutum na iya zama jininsa lafiya lau yana ɗauke da ita. Akwai wani ruwa da ido ke yi kullum yana kuma fitar da shi ta wasu ƙananan magudanai. In magudanan suka fara toshewa, ruwan ya taru, sai ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, tana mutuwa kaɗan-kaɗan. Abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa, ko a Ingila aka kai mutum.

A ganinmu wannan ita ce ta fi cancanta a ji tsoronta, saboda yadda take shigowa. Ta gefe take fara ci. Mutum yana karatunsa, yana gane fuskar kowa, amma ya fara tuntuɓe da kujera, ya daina ganin mai keken da ya ɓullo ta gefensa, direba ya fara gogar motoci a tasha. Ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri, shekara da shekaru. Ranar da mutum ya lura da kansa, yawanci mafi yawan jijiyar ta riga ta tafi. Sai a je asibiti ana sa ran aiki irin na maƙwabcin da aka cire wa yana, likita ya ce wannan ba irin waccan ba ce. Daga nan sai a dawo gida a ce asibiti ba su iya ba, ko a ce jifa ne.

Mutanen Afirka ta Yamma na cikin waɗanda ta fi kamawa a duniya, tana kuma kama mu da wuri fiye da Turawa. A Tema, maƙwabciyar Ashaiman inda 'yan'uwanmu suke da yawa, an duba idon mutum 5,603 masu shekara 40 zuwa sama tsakanin 2006 da 2008. Kusan 7 cikin 100 suna da ita. A tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 49 ba su kai 4 cikin 100 ba, amma a 'yan shekara 80 zuwa sama sun kusa 15. Waɗanda suka san suna ɗauke da ita kafin a gaya musu ba su kai 1 cikin 20 ba. Wannan fa a Tema ke nan, garin da ke da asibitoci, ba wani ƙauye na bayan Yendi ba.

Tana bin jini. In an same ta ga uwa ko uba ko ɗan'uwa ciki ɗaya, sauran 'yan gidan haɗarinsu ya ninka na sauran mutane. Saboda haka duk gidan da aka san kaka ya makance “haka kawai”, sannan wani baffa ya bi bayansa, 'ya'yan gidan da suka kai shekara 40, har ma da 'yan ƙasa da haka, su je a auna ruwan idonsu a leƙa jijiyar. Gwajin ba ya ciwo. Allon haruffan nan da ake karantawa shi kaɗai bai isa ba, mai gulokoma na iya karanta shi har layin ƙasa.

Maganinta ɗigo ne na kullum har iyakar rai, ko hasken leza, ko aiki. Duk cikinsu manufar ɗaya ce, a tsare abin da ya rage. A nan ne ake samun matsala. Dattijo zai yi wata uku yana ɗiga magani, bai ga ganinsa ya ƙaru ba, kwalba ta ƙare, kuɗi ya yi wuya, sai ya bari. Da azumi ma da yawa kan ajiye. Malamai sun yi saɓani a kan ɗigon ido da rana, musamman in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro, kuma wannan fage nasu ne. Abin da za mu iya faɗa shi ne yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ne da dare, ko sau biyu a yini, kuma a ƙasar nan tsawon dare da rana ba su da bambanci sosai, don haka likita na iya tsara wa mutum ɗigo lokacin sahur da bayan buɗa baki. In kuma aka danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa, maganin ba ya gangarawa maƙogwaro sosai, ya ma fi zama a idon. Mai asma ya gaya wa likita tun farko, domin akwai ɗigon da ke ta da ita.

Wani abin da ke jawo gulokoma shi ne ɗigon da ake saye a shagon magani ba tare da takardar likita ba. Ido ya yi ƙaiƙayi, a ba ka 'yar kwalba mai sitiroyid, ka ji daɗinta nan da nan, ka mayar da ita abokiyar tafiya. A wasu mutane makonni kaɗan sun isa ruwan ido ya hau.

Ciwon sukari da hawan jini na gaske su kuma bayan ido suke ɓatawa, inda ƙananan jijiyoyin jini ke tsiyaya ko su fashe. Duk mai sukari ya kamata a ɗiga masa maganin buɗe ido a leƙa ciki sau ɗaya a shekara, ko da yana gani tangaran.

Akwai kuma matsalar da ta fi kowace yawa, ta kuma fi arhar magani. Daga wajen shekara 40 ido kan daina ganin abu na kusa. Tela ya kasa zura zare, malami ya riƙa nisanta littafi da fuskarsa, uwar gida ta kasa tsince tsakuwa a shinkafa. Tabarau na karatu ne kawai maganin wannan. A zamanin nan abin ya wuce karatu, domin tsohon da ba ya ganin rubutun wayarsa dole ya miƙa wa wani lambar sirrin kuɗinsa, kuma kowa a zango ya san labarin da ya ƙare da haka. Sai dai a kula: sayen tabarau a tire a bakin kasuwa yana gyara karatu, amma ba wanda ya leƙa cikin idon, kuma wannan ne shekarun da gulokoma ke farawa.

Dattawan da suka taso a arewacin ƙasar nan na ɗauke da tabon wasu cututtuka biyu da yaran yanzu ba su sani ba. Ɗaya amosanin ido ne, wanda ke sa gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar har ta yi hakiya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Gana ta kawar da shi a matsayin annoba, ita ce ta farko a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Duk da haka, in ka ga tsohuwa na yawo da ɗan matsefi tana tsige gashin ido, a kai ta asibiti, ƙaramin aiki ne a fatar ido. Ta biyu makantar kogi ce, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa a bakin ruwa mai gudu, ta kuma taɓa korar ƙauyuka sukutum daga bakin kogunan Volta. A 1974 aka fara yaƙi da ita a ƙasashe 7, har da Gana da Nijar, da feshi daga jiragen sama, daga 1987 kuma aka samu ƙwayar Mectizan kyauta. A watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da ita. A nan Gana da saura, don haka in masu rabon ƙwaya sun zo a karɓa.

Mukan ce ciwon ido sai haƙuri, amma in Apolo ta shigo gari ba mai yin haƙurin. Wannan jan ido a ƙasar nan ya fara ɓulla a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata, daga nan ya samo sunansa. Da kansa yake warkewa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ke makantarwa shi ne abin da ake zubawa: fitsari, ruwan gishiri mai kauri, ruwan ganye, ruwan batir. Fitsari na iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda ido cikin kwanaki kaɗan.

Kunne

An ce kunne ya girmi kaka, amma shi ne wanda ba a kula da shi. Makaho kowa na tausaya masa. Mai raunin ji kuwa dariya ake yi masa, ko a yi fushi da shi.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu, dubbai, su ne ke karɓar sauti. Da su aka haife mu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Waɗanda ke fara tafiya su ne masu karɓar siririn sauti, irin “s” da “sh” da “f” da “ts”, da muryar mata da ta yara. Shi ya sa tsoho zai ce maka, ina jin ana magana amma ban gane ba. Shi ya sa kuma yake jin ɗansa in su biyu ne a ɗaki, amma a wurin suna ko zaman makoki ya zama kamar baƙo. Sai surukarsa ta ce yana ji sarai, abin da ya ga dama ne yake amsawa. Wannan zargi ya ɓata zumunci a gidaje da yawa, alhali ba laifin kowa ba ne.

Bayan shekaru, babban mai cin kunne ƙara ce. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na awa 8; duk ƙarin 3 kuma sai a rage rabin lokacin. Ba sai da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar ta kai ta yi ɓarna. To a duba sana'o'inmu. Mai injin niƙa yana cikin rumfar kwano daga safe har dare. Maƙera da masu walda da masu bugun bodin mota a Magazin ta Suame, masu yankan katako, direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Paga da Bawku, 'yan kamasho a tasha. Yaron da ya shiga irin wannan aiki yana ɗan shekara 15, kafin ya kai 55 kunnensa ya yi tsufan ɗan 75. Toshiyar kunne ta roba ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, amma wa ya taɓa ganin maigida ya saya wa yaransa?

Sannan ga bukukuwanmu. Ba mu san ranar da aka yanke cewa aure ba ya ɗauruwa sai an jera lasifika bakwai a lungu mai faɗin kamu shida ba. Wurin zaman manya kuma, don girmamawa, shi ne gaba, daf da akwatunan. Wanda ya tashi daga irin wannan wuri kunnensa na kuka, to wasu gasun sun ji jiki.

Akwai magunguna ma da ke taɓa kunne. Allurar jentamaisin, da sitireftomaisin da aka daɗe ana yi wa masu tarin fuka, na iya kashe ji har abada, musamman ga tsoho mai raunin ƙoda. Kinin da yawan asfirin kan sa kukan kunne, galibi ya lafa in an daina. Wannan na cikin dalilan da suka sa muke ƙin allurar da ake kira mai shago ya zo ya yi a gida. Sanƙarau ma kan bar kurumta; annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 18,000 a arewacin Gana, kuma wasu da suka tashi ba su sake ji daidai ba. Haka kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa tun yarinta.

Abu mafi sauƙi kuwa shi ne dattin kunne da ya taru ya toshe. Ga tsofaffi yana da yawa, kuma tsinken ashana da gashin kaza da auduga mai sanda ƙara tura shi ciki suke yi, wani lokaci su huda dodon kunne. Ma'aikaciyar jinya na wanke shi cikin 'yan mintoci. Kafin a yanke wa tsoho hukuncin kurumta, a fara leƙa wannan. Wanda kuma kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ya kwana biyu yana jira; a kwanakin farko ne magani ke iya tasiri.

Ana gwajin ji a Korle Bu da asibitin Komfo Anokye da wasu wurare. In aka ce sai na'urar ƙara ji, nan ake tsayawa, domin mai kyau dubban sidi ce, ga batir, ga komawa a daidaita ta. A duniya ma waɗanda ke amfani da ita ba su kai 1 cikin 5 na masu bukata ba. Ta bakin titi mai arha ƙara komai take yi gaba ɗaya, har ƙarar babur da kukan akuya, shi ya sa ake jefa ta cikin akwati bayan sati. Ko da babu na'ura, akwai abin da gida zai iya. Ihu ba ya taimako, murɗe kalmomi yake yi. A tsaya gaban mutum inda haske ke kan fuskar mai magana, a rage rediyo, a yi magana a hankali, in bai gane ba a sake faɗa da wasu kalmomin.

In biyun suka haɗu

Mai raunin ji da ido yake cike giɓi, yana kallon leɓe ko bai sani ba. Mai raunin gani kuma da kunne yake tafiya. In duka biyun suka yi rauni, kamar yadda ake samu ga 'yan shekara 70 da 80, sai mutum ya zama yana cikin gida cike da jama'a amma shi kaɗai ne. Ya daina fita jam'i saboda kwatar da ke ƙofar gida ba ta da murfi. Ya daina zuwa majalisa saboda kunyar tambaya. A asibiti a ce ƙwaya ɗaya sau biyu, ya ji biyu sau ɗaya. Faɗuwa a makewayi ko a bakin rijiya ta karya ƙugu, kuma mun san tsoho nawa ne ke sake tashi bayan karayar ƙugu.

Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa, a 2024 kuma ya ƙara da raunin ganin da ba a yi wa magani ba. Mu a nan akwai wani haɗarin a kan wannan. Tsohuwar da ba ta amsa gaisuwa, idonta ya yi fari, tana magana ita kaɗai, ta ɓata hanya da dare an tsince ta a ƙofar wani, ba a daɗewa ake fara raɗa a kanta. A ƙasar da har yau akwai matan da ke zaman gudun hijira a Gambaga saboda zargin maita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada mu manta da ɗan jagora. Duk tsohon da aka bari da yana, akwai yaro ko yarinya da aka cire daga aji don riƙe masa sanda.

Game da kuɗi, tun da aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2003 aka sa gwajin ido da aikin yana cikin abin da take ɗauka, aka bar tabarau da na'urar ji a waje. Wanda ya cika shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. Duk da haka a tafi da ɗan guzuri, domin ba a rasa abin da za a ce a saya. Abin da ya fi kuɗi tare dattawanmu, a ganinmu, takarda ce. Da yawa ba su da shaidar haihuwa da za ta nuna sun kai 70 ɗin. Wasu kuma tun korar baƙi ta 1969 ba su ƙara yarda da duk wani layin da ake tambayar sunan uba da garin asali ba, ko da a Kumasi aka binne cibiyarsu. Wannan aikin 'ya'ya ne, da sarakunan zango da limamai: a raka su a yi katin, a riƙa duba ranar da zai mutu.

Ranar zuwa asibiti kuma kada a haɗa tsoho da ƙaramin yaro. Babba ya bi shi, wanda ke jin Turanci ko Tiwi, ya tafi da duk kwalaben da ake ɗigawa da ƙwayoyin da ake sha, ya tambayi sunan cutar a rubuta masa a takarda. Likitocin ido sun fi yawa a Ankara da Kumasi, amma akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Tamale, da asibitocin mishan na Bawku da Agogo, kuma asibitocin gundumomi da dama na da ma'aikatan jinya na ido da za su iya dubawa su tura mutum gaba. In masu aikin ido na kyauta suka sauka a unguwa, a tambaye su tun kafin a kwanta ina za a koma bayan sun tafi, domin idon da aka yi wa aiki na bukatar a sake duba shi washegari da kuma bayan 'yan makonni. Ranar 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya, makon gulokoma ma a watan Maris yake faɗowa, ranar gani kuma Alhamis ta biyu ce a watan Oktoba. A irin waɗannan ranaku asibitoci da ƙungiyoyi kan yi gwaji kyauta, kuma za mu riƙa sanar da wuraren a wannan shafi in sanarwa ta iso mu.